Kaɗi da Rani a Ƙasar Auduga

A ƙasar auduga, daga Zariya zuwa Funtuwa da Bakori da Malumfashi har Gusau, tsinka rabin aiki ce a da. Ana gama ta cikin hunturu, a tuge karan a ƙone don kada tsutsa ta kwana a ciki ta jira damina, daga nan auduga ta bar hannun maza ta shiga cikin gida. Tun daga lokacin har tsakiyar bazara, sa'ad da rijiya ke ja da baya, ƙasa ta tsage, babu abin yi a daji, kaɗi ne ke riƙe da gida.

Aiki ne mai matakai, kowanne da gwanayensa. Sai an gurje audugar a kan dutse da ɗan sandan ƙarfe, angurya ta koma gefe, a ajiye ta don iri ko don dabbobi. Sannan a shiɓe ta da baka har ta tashi ta yi laushi, a naɗe ta sutu. Mai kaɗi tana zaune a inuwa, sutu a hagu, mazari a dama. Ta dangwali alli da yatsa don kada gumi ya kawo santsi, ta murza, ta ɗaga hannu sama zare na bin ta, ta sauko ta naɗe. Siririn zare daban, abawa mai kauri daban, kuma masaƙi yana taɓawa ya san hannun da ya kaɗa. Da dare 'yan mata kan taru wurin tsohuwa, ana kaɗi ana tatsuniya, hannu na koyo kunne na koyo.

Muhimmin abu shi ne kuɗin zare na mace ne. Da shi take zubin adashi, da shi take biki, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, ba tare da ta fita daga kulle ba. Wannan zaren ne kuma ya ɗauki nauyin masaƙa da marina da fatake. Tufafin Kano da Heinrich Barth ya gani a 1851 ana kai su har Tumbutu, a kan mazarin matan ƙauye suka fara. Amma kada son gargajiya ya rufe mana ido: a wancan ƙarni akwai bayi mata da yawa cikin masu kaɗin, kuma ko 'yantacciya, ribar da take samu ba ta kai wahalar ba. Mai rini da falke su suka fi cin moriya.

Duk da haka sana'ar ta yi ƙarfin da ta ba Turawa ciwon kai. Ƙungiyar BCGA, wadda aka kafa a Ingila a 1902 don nema wa masaƙun Lankasha auduga, ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, aka shigo da irin Amurka mai dogon zare. Sai suka tarar sau da yawa masu kaɗi da masaƙa na gida sun fi su sayen auduga da tsada. Manomi kuwa inda kuɗi yake nan yake kaiwa.

A nan nake saɓa wa masu kukan auduga na yau. Da an ta da zancen, sai a ambaci masaƙar Kaduna ta 1957, da masaƙar UNTL da ta rufe a 2007, da rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Duk gaskiya ne, kuma rashin ya yi ciwo. Sai dai kafin injin ya tsaya, mazari ya riga ya faɗi, kuma zaren injin da yadin kanti masu araha suna cikin abin da ya kayar da shi. Dubban maza sun sami albashi a birni, ɗimbin mata a ƙauye sun rasa abin hannu, ba wanda ya lissafa su domin ba su taɓa shiga rajistar ma'aikata ba.

Shekarar fari ce ke tona wannan rashi. Idan ruwa ya yi jinkiri, gero da dawa manomi zai fara shukawa, yana da gaskiya, ciki ne gaba. Auduga sai ta makara, ruwa ya ɗauke mata tana tsakiyar 'ya'ya, ta ba da kaɗan. A da wannan kaɗan ɗin yana iya zama a gida a kaɗa shi sannu a hankali, darajarsa ta ƙaru, ya sayi hatsi a bazara. Yau ɗanyarta ake ɗora wa sikeli, sau da yawa a gaban dillalin da ya ba da bashin taki da maganin feshi, shi ne kuma zai yanka farashi. Samari su tafi cin rani, mata su koma ƙuliƙuli da awara da ɗinkin hula, ita ma hular da zaren kanti ake yin ta.

Ba na cewa a mayar wa kowace mace da mazari. Amma shirye-shiryen farfaɗo da auduga da ake ta yi, har da amincewa da irin auduga na Bt a 2018, galibi sun tsaya ne a kan iri da taki da injin gurza. A cikinsu ban ga inda aka tanadi aikin da matar manomi za ta yi da audugar gonarsu daga Janairu zuwa Yuni ba.