Amai Ba Shi Ne Ciki Ba: Sharhi Kan Ɓatan Wata a Finafinai da Littattafanmu

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ke kallon finafinan Kano a salula, ko yake karanta littattafan soyayya da ake turowa ta WhatsApp, ya san wannan fitowar ya haddace ta. Yarinya na zaune tana tankaɗe, sai ta toshe baki ta ruga bayan ɗaki tana kelaya amai. Uwa ta bi ta, ta buɗe mata ido, ta duba tafin hannu, sai salati da tafa hannu. An wuce asibiti, likita ya cire tabarau ya ce ciki ne na wata uku. Uba ya yanke jiki ya faɗi, ko ya ce ta bar masa gida. Minti biyar an gama komai.

Wannan fitowar nake son mu zauna a kanta. Ina ganin ta yi mana ɓarna fiye da yadda muke zato, kuma babbar ɓarnar tana cikin abin da take tsallakewa.

Abin da take tsallakewa shi ne kwanakin jira. Tsakanin ranar da mace ta sa ran ganin al'adarta da ranar da ta san gaskiya, akwai kwana biyar, ko goma, ko sati uku. A nan ne barci ke ƙaurace wa ido, ana ƙirgen kwanaki da yatsu, ana shiga makewayi sau goma a wuni ana dubawa, malami na bayani a aji amma kunne ba ya ji. Marubucin da ya san aikinsa, nan zai kafa turke, domin nan ne mutum yake shi kaɗai da zuciyarsa. Amma masu shirya mana labari sun fi son ihun uwa da marin uba, don shi ke sa mai kallo ya ce kai! Sai aka bar yarinyar ta zama kamar tabarmar da ake rigima a kanta. Ba mu san me ta yi tunani ba, ba mu san wa ta so ta gaya wa ta kasa ba.

Laifi na biyu ya fi na farko nauyi: ana koyar da ƙarya game da jikin mace. A fim, ɓatan wata ciki ne, amai ciki ne, ba wata magana. A wajen ma'aikatan lafiya kuwa ba haka abin yake ba. Tazarar al'ada ga babbar mace tana kaiwa daga kwana 21 zuwa 35, ga yarinyar da ba ta daɗe da farawa ba kuwa har kwana 45, kuma duk lafiya ce. Fargaba kan jinkirta ta, ciwo mai tsanani kamar zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da mu kowace damina kan jinkirta ta, haka rama da ƙarancin abinci. Ku tuna watannin da rumbu ya yi ƙasa ga noma ya yi tsanani, ko lokacin da ɗaliba ke kwana karatun BEPC. Mai shayarwa kan yi watanni ba ta gani ba, mai allurar tazarar haihuwa ma haka. Shi kuma amai, mata da yawa na ɗauke da ciki har su haihu ba su yi shi ba, ga dubban masu amai da ba abin da ke damunsu sai zazzaɓi. To ina dalilin da za a mai da shi shaida?

Ga inda abin ke zama haɗari. Yarinyar da fim ya koya wa cewa ɓatan wata hukunci ne da an riga an yanke, ba za ta tsaya tambaya ba. Za ta nemi abin da zai "sauko da jinin". Daga nan sai jiƙe-jiƙe, sai ƙwayoyin da ake saye a faranti ranar kasuwa, waɗanda suka sha rana, ba wanda ya san ranar lalacewarsu. Wasu na lalata ƙoda da hanta, wasu na jawo zubar jinin da ba a iya tsayarwa a ƙauye. Abin takaici, wata ma ba cikin gare ta ba tun farko. Tsoro ne ya riƙe jinin, tsoron kuma ya kai ta ga shan guba.

Alhali gaskiyar na nan kusa, kuma ba tsada. Akwai ɗan tsinken gwajin fitsari da ake samu a farmasi da gidajen likita. Yana gano wani sinadari da jiki ba ya yinsa da yawa sai in ciki ya shiga. Ana iya yinsa daga ranar da al'ada ta ƙi zuwa, da fitsarin farko na safe, in ya nuna babu kuma jini bai zo ba, a sake bayan sati guda. Minti biyar ya isa, daidai da tsawon waccan fitowar ta ihu da mari. Akwai kuma alamar da ba a jira da ita: ɓatan wata haɗe da ciwon mara mai tsanani a gefe guda, da ɗigar jini ko jiri. Wannan na iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, sai a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Sau nawa kuka ga an nuna ɗaya daga cikin waɗannan a fim?

Laifi na uku: wa ake nunawa? Kullum budurwa ce da ta "lalace". Amma mu dubi ƙauyukanmu na Kwaya da sauran ƙasar Magarya da Dungas. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18. Ke nan mafi yawan masu wannan fargaba a wajenmu matan aure ne. Akwai mai goyon wata bakwai da ke tsoron kwanika, da gorin da uwar miji za ta yi mata. Akwai amaryar da ke son ta gama kwalej. Akwai wadda aka yi wa aiki a haihuwar baya, likita ya ce ta huta. Waɗannan duk labarai ne masu nauyi, amma ba a ba su, don ba abin kunya a ciki da za a sayar. Namijin kuma fa? A fim yakan ce ba shi ba ne, ya shiga mota ya ɓace, labarin ya ƙyale shi. A jiharmu ta Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyalinsu. In manomi zai iya zama a yi wannan magana da shi, me zai hana a rubuta mana namijin da ya raka matarsa gidan likita?

Na san abin da wasu za su ce: ai wa'azi ake yi, a tsorata yara don su kiyaye. Ban raina wannan ba, kamun kai umurnin addini ne. Sai dai addinin bai ce a ɓoye ilimi ba. Ahalari da Risala da muke karantawa a gaban malamai suna da babin haila, an ƙirga kwanaki filla-filla, ba a ce abin kunya ne ba. Suratun Nur kuma ta sa bulala 80 ga wanda ya yi wa mace ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. To fim ɗin da ke koya wa uwa da maƙwabta su yanke hukunci daga ganin amai, wane wa'azi yake yi? Tsoro kaɗai ba ya hana komai, abin da yake haifarwa shi ne ɓoyo, a cikin ɓoyon kuma ake mutuwa.

Haka kuma labaran na nuna daga ciki sai ƙarshen rayuwa: kora daga gida, kora daga lakwal, sai bariki. Dokar ƙasarmu ta wuce nan. Tun watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka kan kare ƴa mace mai karatu, kuma ƙa'idojin da suka biyo baya sun ba ɗalibar da ta yi aure ko ta ɗauki ciki damar ci gaba da karatunta. Ko ana aiki da wannan a kowace makaranta, wata magana ce. Amma yarinyar da ba ta taɓa jin akwai dokar ba, yaya za ta nemi haƙƙinta?

Ba cewa nake adabinmu bai iya ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, a littafinta Wa Zai Auri Jahila?, ta ɗauki yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole, ta bar mu muka zauna a cikin tunaninta, kuma ba ta rufe mata ƙofa ba. Irin wannan haƙurin da jarumar labari shi muke nema a wannan fage.

Mu da ke wannan ƙungiya, alƙalami na hannunmu, ko da kuwa a injin kwafi muke buga abinmu. In ɗayanmu zai rubuta ɓatan wata, ya rubuta kwanakin jiran. Ya ba yarinyar yaya ko inna ko unguwar zoma da za ta saurare ta ba tare da ta tara mata jama'a ba. Ya sa a yi gwaji kafin a yi kuka. Wani labarin ya ƙare da jini ya zo a kwana na tara, wani ya ƙare da ciki ne, a ga yadda gidan zai yi da shi. Ƙannenmu mata ne za su karanta, kuma wata a cikinsu yanzu haka tana ƙirgen kwanaki, ba ta gaya wa kowa ba.