Kundi Daban, Taska Daban

Akwai wata kalma da na daɗe ina jin 'yan jaridarmu suna yi mata riƙon sakainar kashi. Wurin da ake adana tsofaffin takardu, wanda Bature ke kira "archive", yau a ce kundin tarihi, gobe gidan tarihi, jibi taskar tarihi. To, ba abu ɗaya ba ne.

Kundi dai mun san shi tun muna makarantar allo. Tarin takardun malam ne, na sirri da laƙani, a cikin gafaka, ko ɗan cikinsa ba ya buɗewa sai da izini. Gidan tarihi kuwa irin Gidan Makama ne na Kano, ko kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa nan Bauchi: ka shiga ka ga kaya, ka fito. Amma taska ɗaki ne mai ƙofa da makulli da mai tsaro. An san abin da ke ciki, kuma ranar buƙata a shiga a ɗauko. Shi ya sa ni a ganina taskar tarihi ita ce daidai.

Ita kanta kalmar Baturen ba tasa ba ce. Daga Girkanci ta fito, "arkheion", wato ofishin mahukunta inda ake ajiye takardun gari. Larabawa ma suka ara suka ce "arshif", alhali suna da "diwani", rajistar da Sayyidina Umar ya kafa ta sunayen mayaƙa da rabonsu. Ka ga tun asali ajiya ce ta jama'a, don kafa hujja.

A ƙasar nan Dakta Kenneth Dike ne ya assasa taskar gwamnati a Ibadan a 1954, daga baya aka buɗe reshe a Kaduna da Inugu. Fayil-fayil ɗin Lardin Bauchi da Razdan da su Di'o suka rubuta, lokacin da wannan GRA tamu take unguwar Turawa, suna can Kaduna. Ga kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, da Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar bincike a 1970. Ɗalibi ya je ya nema, a fito masa da su.

Wani zai ce, Liman, duk wannan a kan kalma ɗaya? E, domin yadda ka kira abu haka za ka riƙe shi. Mu nan yawancinmu zuwa muka yi, wasu daga Kano, wasu Katsina, wasu Zariya. Ba mu da kakannin da za su tsaya su ce nan iyakar wane take. Takarda ita ce dattijuwarmu. Amma sai mu mayar da ita kundi, mu cusa ƙarƙashin katifa, ba mata ba 'ya'ya da ya sani.

Bara aka kira ni rabon gadon wani bawan Allah, abokin kasuwancina. Takardar fili, da littafin bashi, da rasit na shekara talatin, duk a kwali ɗaya a sito. Gara ta ci rabi, sauran yara sun ba mai ƙosai. Mutum biyu suka zo da da'awar bashi, babu abin da za a gwada. Har yau 'yan'uwan ba sa ga-maciji. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani fa a kan rubuta bashi ta sauka, kuma rubutun da ba a adana ba bai yi amfaninsa ba.

Shawarata, kowane gida ya sayi akwatin ƙarfe, a jera takardu, a rubuta abin da ke ciki, a ɗauki hotonsu a waya, a kuma sanar da mutum biyu amintattu. Kwamitin masallaci shi ma ya ware durowa ɗaya don takardar filin masallaci da rajistar ɗaurin aure. 'Yan jarida kuma, don Allah, ku bar wa malam kundinsa, ku ce taska.

Allah Ya sa mu dace.