In Ɓera da Sata, Daddawa ma da Wari: Tsokaci a kan Hanyoyin Hana Satar Jarrabawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bitar hanyoyin da hukumomin ilmi suka daɗe suna bi domin hana ɗalibai satar jarrabawa, a cikin aji da kuma ta intanet, sa'an nan ta auna ko sun biya bukata. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kusan dukkan hanyoyin nan sun tattara ne a kan horo da tsaro, suka ƙyale irin tambayar da malami yake yi. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun daɗe muna ɗana wa ɓera tarko, ya kamata kuma mu shinshina daddawar.

2.0 Hanyar Horo

An kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, a shekarar 1952. A 1977 tambayoyinta suka fita kafin ranar jarrabawa, fitar da ta girgiza ƙasa har aka kafa kotun bincike. Kalmar nan "Ekspo" da ɗalibai ke kiran satattun tambayoyi da ita tana tafe da tarihin wannan shekara. A 1984 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 20, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka kama da maguɗin jarrabawa. A 1999 kuma aka sake kafa wata, Doka ta 33, wadda ta sassauto da horon zuwa tara ko ɗaurin 'yan shekaru.

Wannan jerin dokoki shi kansa shaida ne. Da tsananin horo yana magani, da dokar 1984 ta wadatar. Duk malamin da ya taɓa tsaron jarrabawa ya san dalili: idan horo ya wuce kima, mai tsaro yakan ji nauyin kai ƙarar yaron da zai tsufa a kurkuku saboda 'yar takarda, sai ya ƙwace ta ya yi shiru. Ta haka dokar da aka yi don tsoratarwa ta zama abin da ba a aiki da shi.

Ba mu muka fara gwada wannan hanya ba. Ƙasar Sin ta yi fiye da shekara dubu tana ɗaukar ma'aikatan sarki ta hanyar jarrabawa, har aka soke tsarin a 1905. Ana caje ɗalibi tun daga ƙofa, a sa shi shi kaɗai cikin ɗan ɗaki, ga horo mai tsanani. Duk da haka, har yau gidajen tarihi suna ajiye da 'yan mitsi-mitsin littattafai da rigunan ciki cike da rubutu, waɗanda aka yi don shiga da su ɗakin. Dalili kuwa shi ne jarrabawar ta dogara ƙwarai ga haddar littattafai, kuma muƙamin mutum ya rataya a kanta.

3.0 Hanyar Na'ura

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta wajabta ta ga kowa a 2015, sa'an nan a 2021 ta shardanta lambar ɗan ƙasa kafin rajista. Gaskiya ita ce wannan mataki ya yi amfani. Babu buhun takardu da za a ɓalle a hanya, tambayoyin maƙwabta biyu ba sa zuwa a jere ɗaya, zanen yatsa kuma ya wahalar da masu sojan gona.

Amma akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, maguɗin ya tashi daga hannun ɗalibi ya koma hannun wasu masu cibiyoyin jarrabawa, shi ya sa hukumar ta sha soke izinin irin waɗannan cibiyoyi. Na biyu, na'ura ta fi dacewa da tambayar zaɓi ɗaya cikin huɗu. Malamin harshe ko na adabi ba zai iya auna insha'i ko feɗe waƙa ta wannan hanya ba. Idan muka mayar da duk jarrabawa irin wadda na'ura za ta iya tsarewa, to mun bar mai gadi ya tsara mana manhaja ke nan.

4.0 Aji a Intanet

Annobar korona ta 2020 ta tilasta wa makarantun duniya karatu daga gida, nan take kuwa matsalar ta bayyana. A makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point a Amurka, inda ake alfahari da rantsuwar gaskiya, an tuhumi ɗalibai 73 da satar amsa a jarrabawar lissafi da suka yi ta intanet a wannan shekara. Maganin da jami'o'i da yawa suka runguma shi ne manhajojin sa ido, masu kallon ɗalibi ta kyamara suna lura da motsin idonsa. A 2022 wata kotun tarayya a jihar Ohayo ta yanke hukunci cewa tilasta wa ɗalibi nuna ɗakinsa ta kyamara kafin jarrabawa ya saɓa wa tsarin mulkin Amurka. Mu kuwa sai mu tambayi kanmu: ɗalibin da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa, wuta ta ɗauke, layin waya ya yanke, yaya manhaja za ta fassara halinsa in ban da ta ce ɓarawo ne?

A watan Nuwamba na 2022 aka fito da ChatGPT, wadda ke rubuta insha'i cikin daƙiƙoƙi. Kamfanin da ya yi ta, OpenAI, ya fito da wata manhaja ta gane rubutun na'ura, amma ya janye ta a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskurenta. A wannan shekara kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji a kan rubutun ɗaliban da Ingilishi ba harshensu na gado ba ne, sai suka ga an ɗauki fiye da rabinsa a matsayin aikin na'ura. Ɗalibanmu suna cikin wannan rukuni. Malamin da ya kori ɗalibi bisa shaidar irin wannan manhaja kaɗai yana iya zaluntar mai gaskiya.

5.0 Warin Daddawa

To, ina gizo ke saƙa? Amsar da ake iya sacewa ita ce wadda take a rubuce a wani wuri tun kafin a yi tambaya. Muddin malami zai buga takardun darasi, ya ce a haddace, ya maimaita tambayoyin bara, to shi da kansa ya tsaga bangon da ƙadangare zai shiga. Bugu da ƙari, a yawancin jami'o'inmu kashi 60 ko 70 cikin 100 na maki yana rataye ne a kan zama ɗaya na awa biyu ko uku, kamar yadda shiga jami'ar ya rataya a kan kiredit biyar har da Ingilishi. Wanda aka tara wa rayuwarsa a rana ɗaya, ba abin mamaki ba ne ya nemi ɓarauniyar hanya.

Alal misali, a kwatanta tambayoyi biyu. Ta farko: "Kawo ma'anar kirari, ka lissafa ire-irensa." Wannan tana cikin kowane littafi, na'ura ma za ta amsa ta. Ta biyu: "Je ka wurin mahauta ko maƙera na garinku, ka tattaro kirari biyar, ka faɗi inda ka ji su da lokacin da aka yi su, sa'an nan ka zo ka bayyana su gaban aji." Wanda ya sayi amsar wannan, tambaya ta biyu za ta tona shi.

6.0 Darasi daga Zaure

A karatun zaure, ɗalibi yana zama gaban malaminsa ya biya, malam ya gyara, ya tambaye shi, ba ya wucewa gaba sai ya gamsar. A tsangaya ma haka ne, mai hadda sai ya kawo ta da bakinsa. Sojan gona ba shi da wurin zama a nan, domin malam ya san muryar almajirinsa. Jami'a ma ba ta yar da wannan gado ba, tun da ba ta ba da digiri na biyu ko na uku sai an kare kundi da baki. Abin tambaya shi ne don me aka keɓe shi ga manyan ɗalibai.

Na san za a ce aji mai ɗalibai 500 ba ya jarrabuwa da baki. Wannan gaskiya ne, amma ba lalle a kira kowa ba. Idan aka sanar tun farkon zango cewa za a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a su kare aikinsu, kowa zai shirya. Minti 5 ga ɗalibai 60 awa 5 ne kacal, ana kuwa iya yin sa ta waya ko ta bidiyo ga masu karatu daga nesa. Za a kuma ce wannan zai buɗe ƙofar son kai da cin zarafin ɗalibai, musamman mata. Wannan tsoro yana da tushe. Saboda haka kada malami ɗaya ya zauna shi kaɗai: a sa biyu, a jawo tambaya ta ƙuri'a, a rubuta maki nan take.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ba ta ce a sallami masu tsaro ko a soke doka ba, domin ko a ina akwai mai son banza. Abin da take cewa shi ne tun daga 1977 muke ƙara tsawon katanga, ɓarawo kuma yana ƙara tsawon tsani. Shawarata ga sassanmu uku ce: a rarraba maki cikin zango, a daina maimaita tambayoyin hadda, a kuma shigar da kare aiki da baki tun daga ajin farko. Biyun ƙarshe ba sa jiran kuɗi ko doka, suna hannun kowane malami da ke zaune a wannan zaure. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu dace. Wasalamu.