Francis Bebey: Ɗan Fasto Mai Baiwa Uku

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Amma a nan Duwala an haifi wani mutum wanda ya tauna uku, wato kiɗa da rubutu da wasan kwaikwayo. Sunansa Francis Bebey. An haife shi a 1929, ya rasu a Faris a 2001. Ya kamata mu da ke zaune a New Bell mu auna aikinsa, gama ɗan gida ne, kuma ɗan Ikkilisiya.

Mahaifinsa fasto ne. Saboda haka waƙoƙin sujada na Turawa ne suka fara shiga kunnensa, a zamanin da masu mishan da yawa suke ɗaukar ganga da molo kayan arna. Da ya girma ya yi aikin rediyo, sa'an nan ya yi aiki da UNESCO daga 1961 zuwa 1974. A 1969 ya fitar da littafi a kan kiɗan Afirka, inda ya nuna cewa kiɗanmu yana da tsari da ma'ana. Daga baya ya ajiye babban aikin ofis, ya rungumi jita da agidigon da ake kira sanza, da sarewar mutanen kurmi mai murya ɗaya.

A ganina baiwar nan uku tushensu ɗaya ne: Bebey mai ba da labari ne. Dubi littafinsa na ƙagaggen labari na fari, Le Fils d'Agatha Moudio, wanda maɗaba'ar CLE ta Ikkilisiyoyi a Yawunde ta buga a 1967, ya kuma ci babbar kyautar adabin Afirka a 1968. Labarin wani masunci ne, Mbenda. Ya auri Fanny domin cika wasiyyar mahaifinsa, ya kuma auri Agatha domin ita yake ƙauna. Fanny ta haifi ɗiyar wani, Agatha kuma ta haifi ɗan Bature. Mbenda ya karɓi yaran duka biyu. Mai karatu zai yi dariya, amma in ya rufe littafin sai tambaya ta tsaya masa a rai: wane ne uba, wanda ya haifa ko wanda ya rena?

Haka yake yi a waƙa. A cikin La Condition masculine ya sa rigar wani maigida mai kukan cewa matarsa ta waye, ba ta jin maganarsa kuma. Yawancinta magana ce bisa kiɗa, kamar ɗan wasa a dandali. Maigidan yana tsammani yana kare kansa, ashe asirinsa yake tonawa. Nan ne gwanintar Bebey ta kwaikwayo ta fi fitowa. Ya kuma taɓa sinima, gama shi ya tsara kiɗan fim ɗin Yaaba na Idrissa Ouédraogo a 1989.

Duk da haka, 'yan'uwa, akwai abu biyu da zan faɗa a kansa. Na fari, dariyarsa takan yi laushi fiye da kima. Auren mata biyu da dukan mace ba abin wasa ba ne. Mai sauraro marar lura yana iya tafa wa maigidan nan, ya koma gida da ƙarfin gwiwa. Magani in an cika masa zuma, wani zumar kaɗai zai lasa.

Na biyu, wa ya ji saƙon? A 1973 ya rubuta La Poupée ashanti a kan matan kasuwar Akara da ƙarfinsu. Je ka kasuwar Sandaga da asuba, ka ga matan da ke sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga Arewa. Irinsu ya yaba, amma da Faransanci ya yi, daga Faris kuma. Da yawa cikinsu ba za su taɓa karanta shi ba. Waƙarsa ta isa kasuwa ta rediyo, littafinsa kuwa ya tsaya a makaranta.

Amma kada mu ɗora masa laifin duka. Wanda ya fito daga gidan fasto ya sami filin baiwarsa a waje, gama majami'ar zamaninsa ba ta da wurin sanza. Yau a cikinmu akwai yara a ƙungiyar mawaƙa waɗanda suke iya tsara wasan Kirsimati, su rubuta shi, su kuma kaɗa masa ganga. Sau da yawa mukan ce musu su zaɓi ɗaya, sauran shiririta ne. Mu tuna da misalin talanti a Matta sura 25: bawan da ya binne nasa ne aka tsauta wa. Bari mu ba su fili, mu kuma roƙe su su yi aikin da Hausa, domin mai sayar da albasa a Sandaga ita ma ta ji, ta amfana.