Kayan barka: a tuna da mai jego

Watan jiya na je barka gidan wata ƙawata, kwananta uku da sauka. A gefen gado an jera kwanduna biyar, kowanne an naɗe shi da leda mai ƙyalli. Ciki kuwa 'yan takalma ne da 'yar tsana da turaren jarirai da fida. Duk wadda ta shigo sai ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp. Da mutane suka ragu, sai na ji mai jego tana tambayar ƙanwarta ƙasa-ƙasa ko gas ɗin da ya rage zai kai su ranar suna. Har yau maganar tana damuna.

Wannan yayin kwandon barka ya mayar da kyauta abin kallo. Ana saye ne domin idon 'yan suna, ita kuwa wadda ta sha naƙuda an bar ta a baya.

Iyayenmu ba haka suke yi ba. Mace za ta shiga Kantin Kwari ta zaɓo turmin atamfa, ta haɗa da sabulun wanki, wata ta kawo gero na kunu, wata ta dako yaji, wata ta dunƙule 'yan kuɗi ta tura ƙarƙashin filo ba wanda ya gani. Ku duba turmin nan kaɗai: yadi 6 ne, mai jego ta ɗinka na fita, ragowar ya zama zanen goyo, in ya tsufa ya koma shimfiɗar yaro. Sai ya shekara biyu yana aiki. Sun san cewa jego kwana 40 ne na ruwan zafi da wanki da rashin barci, kuma lafiyar jariri tana jikin uwarsa.

Takalmi fa? Jaririn da ko zama bai fara ba, ina za shi da takalmi? Haka kayan sawa: kowa na sayen mafi ƙanƙanta saboda sun fi ban sha'awa, alhali yawancin jarirai kan ninka nauyinsu na haihuwa wajen wata 5. Kafin arba'in rabin kayan sun matse shi, wasu ko sau ɗaya bai sa ba. In dole sai sutura, a sayi ta ɗan wata shida ko shekara, a kuma lissafa ko lokacin zai faɗo a hunturu ko a bazara.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne fida da madarar gwangwani a cikin kwando. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6. Akwai matan da larura ke sa su ba da madara, wannan tsakaninsu ne da likita. Amma ƙawa ba ta da hurumin kai wa mai ɗanyen jego abin da zai raba ɗanta da nono.

Ban ce duk sabon abu banza ba ne. Famfas kyauta ce ta gaske, musamman in an sayi mai ɗan girma. Gidan sauro mai magani ma haka, tunda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma ƙananan yara ya fi kashewa.

Ni da na koma gidan ƙawar tawa, tukunyar gas na cika mata, na kai farfesun kaza, na zauna na riƙe yaron ta samu barcin awa biyu. Ba abin da za a ɗauka a hoto, amma da ta farka fuskarta ta sake.

'Yar'uwa, kafin ki shiga shago, ɗauki waya ki kira mai jego ko mahaifiyarta, ki tambaya me ya rage a gidan. In kunya ta hana su faɗa, ki sa kuɗin a ambulan ki miƙa mata a hannu.