Tsinin Kibiya a Kunyar Gona: Nazari Kan Tsofaffin Kibau a Ƙasar Babura

Manomi a ƙasar Babura ko Gwiwa kan kasance yana huɗa, garma ta tono masa wani ɗan ƙarfe mai tsini da kunnuwa, ya jujjuya shi, ya cilla gefen gona. Ba laifinsa ba ne, babu wanda ya taɓa gaya masa abin da ya tsinta. Wannan yanki kuwa bakin daga ne a ƙarni na 19. Nan Ɗan Tunku na Kazaure ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan 1819, ta arewa kuma ga Damagaram da hare-harenta. Mahaya dawaki ake wa kirari, amma 'yan baka ne suka fi yawa a rundunonin wancan zamani.

Kibiyar ƙasar Hausa ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta Turawa. Kyauro ne, a soka masa wutsiyar ƙarfen, a naɗe wurin da jijiya. Kyauro da jijiya gara ta cinye tuntuni, don haka ƙarfen kaɗai ya rage ya ba da shaida. Masu neman kayan tarihi sukan fara da duba tsatsa, ni kuwa ban ɗauke ta hujja ba, domin ƙusar da ta yi damina uku a ƙasa ma tana yi. Jikin ƙarfen ya kamata a duba. Wanda aka ƙera da tama yakan nuna zane-zane kamar na itace, saboda dattin narka da masaba ta miƙar a cikinsa. Na baya-bayan nan, wanda maƙeri ya sara daga rodi ko sifirin ɗin mota, jikinsa bai ɗaya ne.

Sai wuyan kibiyar. Idan ka ga an murɗe shi kamar igiya, ko an yi masa ƙananan tsage-tsage, wurin zaman dafi ke nan. Da 'ya'yan ƙwanƙwani ake haɗa shi, kuma zuciya yake tsayarwa. Shi ya sa tsinin bai damu da girma ba, ƙwarzane ya isa. Kibiya mai dafi ce ta kashe hafsan sojan Turawa Manjo Marsh a yaƙin Burmi a watan Yulin 1903, duk da bindigogin da ke bayansa. Abin mamaki, tun 1885 wani likita a Edinbura, Thomas Fraser, ya mai da sinadarin ɗan'uwan wannan tsiro maganin ciwon zuciya. Ko ma dai yaya, kada a goge baƙin da ya daskare a wuyan kibiya da hannu tsirara, maharba ba sa yi.

Ƙarfen masunta kuwa daban ne. Kifi a nan an fi sukarsa da mashi ko zago a kan harbinsa da baka. Wanda ya tsinci ƙarfe mai kauri da kunnuwa a jere da wurin ɗaura igiya a bakin kogin Gari, kada ya yi saurin laƙaba masa yaƙi.

Inda na fi ganin asara shi ne rabuwar kibiya da labarinta. Tsinin da ba a san gonar da ya fito ba, ko gidan maharbin da aka gaje shi, ya zama ƙarfe kawai, kuma haka 'yan gwangwan ke auna shi a sikeli. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba izini, sai dai ba ta da iko da buhun ɗan gwangwan. Mai kwari a rataye a ɗakin kakansa ya zauna da dattijan gidan tun suna raye, ya rubuta wanda ya ƙera, da wanda ya harba, da inda aka harba. In riƙon ya gagara, Gidan Makama yana nan a Kano.