4.3 Jigon Zambon Siyasa a Fim ɗin The American Way

Wannan fim ya fito ne a shekarar 1986, zamanin mulkin Reagan, kuma Maurice Phillips ne ya ba da umarni. A Amurka an san shi da suna Riders of the Storm. Babban tauraronsa, Dennis Hopper, ya fito a matsayin kyaftin na wasu tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da ke shawagi a sararin samaniya cikin tsohon jirgin yaƙi samfurin B-29. Daga nan suke kutsawa cikin shirye-shiryen gidajen talabijin ba da izini ba, suna watsa nasu.

Idan aka dubi warwarar jigo, za a ga cewa rikicin ya ta'allaƙa ne a kan Willa Westinghouse, 'yar takarar shugaban ƙasa mai ra'ayin yaƙi. Manufar fim ɗin ita ce nuna cewa duk wanda ya mallaki akwatin talabijin ya mallaki tunanin masu zaɓe. Wannan batu ba tatsuniya ba ne, domin a cikin 1986 ɗin wani mutum ya katse shirin tashar HBO ta hanyar tauraron ɗan'adam.

Sai dai fim ɗin yana da rauni babba. Abin da ya kayar da 'yar takarar shi ne tona asirin cewa namiji ne ya yi shigar mata. Ke nan ba a kayar da manufarta ta yaƙi da hujja ba. Don haka zambon ya tsaya a kan siffar mutum, ya bar aƙidar da aka ɗaura niyyar suka tana nan daram.